Ubangida

ubangida (suna, namiji, jam'i: iyayengida). A bakin Adarawa, kamar a Bambeye da Tawa, za ka ji "ubangidanai", wato ubangidansa.

1. Wanda bara ko yaro yake yi wa aiki, yana ci a ƙarƙashinsa.

2. A fagen kokowa: attajiri ko ɗan siyasa da ya ɗauki nauyin ɗan kokowa. Shi ke sayen buhun gero da rago lokacin horo, shi ke biyan malamai da masu laya, shi kuma makaɗa ke wasawa kafin a kama. Tun da aka fara gasar Takobi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, ake yi wa gwanaye kari, wato kyautar da ake ƙara musu. Yau jihohi takwas ne ke karawa, kowace da 'yan kokowa goma, karin kuma ya kai babur da mota. In yaronsa ya yi kaye, sai a ga ubangida ya miƙe, yana gyara babbar riga, yana miƙa wa mai shela damin jikkuna a faɗi sunansa, kowa ya ji.

A nan ne kalmar ta ɗauki ɗan wari. Da gwani ya faɗi faɗuwar da ba ta gamsar ba, sai raɗe-raɗi ya tashi cewa iyayengida sun daidaita a bayan fage. Masu wannan magana su ne dai ke wuni a gindin rediyo washegari, suna goyon bayan jiharsu.

*Misali:* "Alhaji, Allah shi ƙara girma, yaronka ya kada!" "Madalla, ɗana, ka ce ya zo gida da dare."

Duba kuma: uban ɗaki, kari, liƙi.