Kafet

Duk wanda ya taɓa shiga hidimar jeren ɗakin amarya ya san kafet ba ya fita daga lissafi. Kalmar ta shigo mana daga Turancin Ingila, carpet. Harshen Bahaushe ba shi da sautin p, sai ya mayar da shi f, kamar yadda ya yi wa fensir da famfo da fasinja. Shi kuwa r ɗin tsakiya, Turawan Ingila ma ba sa furta shi sosai, don haka bai iso kunnenmu ba.

Su ma Turawan aro suka yi. Tushen kalmar na Latin ne, carpere, wato tsinko ko fizgo, irin yadda ake fizgar ulu kafin a kaɗa shi. A can farko ma mayafi ne mai kauri da ake rufe tebur ko gado da shi, daga baya ya sauko ƙasa.

A wurinmu kafet bai kori darduma ba. Darduma ta salla ce da ta baƙo, ana shimfiɗawa a naɗe. Kafet kuwa zaunanne ne. Shi ya sa nake jin takaici in na shiga falo na tarar da ɗan ƙaramin kafet a tsakiya, kujeru sun yi masa nisa. Mu masu zama a ƙasa mu ci tuwo ne, a sayi wanda zai ɗauki iyali har ƙafafun kujeru su hau bakinsa. Kuma a guji fari, ƙurar hunturu ba ta raga masa.