Yadda Iyaye Suka Ƙwato wa Keke Titi a Holan

A tashar jirgin ƙasa ta birnin Utrecht akwai wani gini mai hawa uku da ba a yi shi don komai ba sai ajiye keke, kuma yana ɗaukar kekuna 12,500. A ƙasar Holan kekuna sun fi mutane yawa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na zirga-zirgar yau da kullum ma a kan keke ake yin ta: ɗalibi zuwa makaranta, ma'aikaci zuwa ofis, tsohuwa zuwa cefane. Baƙi kan ce ai ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa babu gangara. Shimfiɗar ta taimaka, amma haka ƙasar take a 1970, lokacin da mota ta kusa korar keke daga titi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu arziki ya bunƙasa, mota ta shiga hannun talaka. Masu tsara birane suka ɗauki keke a matsayin abin hawan wanda bai samu ba, wanda zai gushe da kansa. Aka rushe gidaje don faɗaɗa tituna, aka mayar da dandalin unguwanni wurin ajiye motoci, a Utrecht ma aka cike wani ɓangare na tsohuwar hanyar ruwan da ta kewaye birnin aka shimfiɗa kwalta a kanta. A Amstadam, inda a da yawancin tafiye-tafiye a kan keke ake yi, rabon keke ya faɗo zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da aka biya shi ne rayuka. A 1971 kaɗai mutum kimanin 3,300 suka mutu a haɗarin hanya, fiye da 400 daga cikinsu yara ne.

Cikin yaran akwai 'yar wani ɗan jarida mai suna Vic Langenhoff, wadda mota ta kaɗe tana kan keke a hanyar makaranta. A 1972 mahaifin ya rubuta maƙala a jaridar De Tijd da take mai zafi, Stop de Kindermoord, wato a daina kisan yara. Da gangan ya zaɓi kalmar. Haɗari abu ne da ake dangantawa da ƙaddara a yi ta'aziyya a watse, kisa kuwa yana da mai shi, dole a tambayi wanda ya tsara titin da wanda ya amince da tsarin. Taken ya zama sunan ƙungiya, wata matashiyar uwa, Maartje van Putten, ta shugabance ta. Iyaye suka riƙa tare tituna da tebura da kujeru suna cin abinci a tsakiyar kwalta, yara suna wasa inda motoci suka saba gudu. A 1975 aka kafa ƙungiyar masu keke ta ƙasa, a 1977 kuma dubban mutane suka kwanta tare da kekunansu a wani dandali a Amstadam, suna kwaikwayon gawawwakin da titi ke ci.

Ana cikin haka sai rikicin mai ya zo. A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Holan man fetur saboda goyon bayanta ga Isra'ila, gwamnatin Joop den Uyl ta haramta tuƙa mota ranakun Lahadi tun daga farkon Nuwamba har zuwa farkon Janairu. Mutane suka fito da kekuna kan manyan hanyoyin da babu kowa. Man ya dawo, amma an riga an ga yadda gari yake idan mota ta yi shiru.

Abin lura shi ne inda aka dosa da gyaran. Ba a tsaya ga yi wa yaro huɗubar ya kula ba, titin aka sāke. Gwamnati ta ba da kuɗin gwajin hanyoyin keke a biranen Tilburg da Hague. A 1977 birnin Groningen ya raba tsakiyarsa gida huɗu: mai mota ba zai ratsa daga wani yanki zuwa wani ba sai ya fita ya bi hanyar kewaye, mai keke kuwa ya wuce kai tsaye. 'Yan kasuwa suka yi ca, suna cewa ciniki zai mutu. Bai mutu ba. A shekarun 1990 aka mayar da darasin ƙa'idar ƙasa, bisa hujjar cewa ɗan Adam ba ya rabuwa da kuskure, don haka a gina hanyar da kuskure ba zai zama ajali ba. Inda mota ke gudu, a raba ta da keke da shinge ko dakali. Inda dole su haɗu, cikin unguwa, kada gudun ya wuce kilomita 30 a awa. Doka kuma ta ɗora wa mai mota nauyin diyya idan ya kaɗe mai keke, musamman yaron da bai kai shekara 14 ba. Yara kan yi jarrabawar ƙa'idojin hanya kafin su gama firamare, da yawa ma a kan keke cikin gari.

Yau hanyoyin keke a ƙasar sun kai kimanin kilomita 35,000, masu mutuwa a titi kuma sun dawo wajen 600 zuwa 700 a shekara, alhali jama'a da motoci sun ƙaru ƙwarai. Wani bincike na Jami'ar Utrecht a 2015 ya ƙiyasta cewa motsa jikin da hawan keke ke bayarwa yana hana mutuwar mutum kusan 6,500 a kowace shekara, yana ƙara wa ɗan ƙasar kimanin rabin shekara a tsawon rai. Titin da aka shimfiɗa kan hanyar ruwan Utrecht an fasa shi, ruwa ya koma a 2020.

Sai dai aikin bai ƙare ba. A 2023 masu keke 270 suka rasu, fiye da waɗanda suka mutu a cikin mota, yawancinsu tsofaffi, wasu a kan keke mai batir da ke gudu fiye da yadda suka saba, wasu kuma faɗuwa suka yi ba tare da mota ta taɓa su ba. Likitoci na kira a sa hular kwano. Ƙungiyar masu keke ba ta hana kowa sawa ba, amma tana adawa da tilastawa, don tana tsoron mutane su ajiye keken su koma mota.