Yadda Motsin Ƙwaƙwalwa Ya Shiga Zauren Nune-nunen Fasaha

Fasahar da ake girkawa a cikin ɗaki domin mai kallo ya shiga ya zama wani ɓangare nata, mai aiki da motsin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, ta samo tushe ne daga ɗakin binciken likitoci. A shekarar 1924 Hans Berger, likitan taɓin hankali a birnin Jena na ƙasar Jamus, ya fara ɗaukar bayanin raunanan igiyoyin lantarkin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa, ya kuma wallafa sakamakonsa a 1929. Na'urar da ta fito daga wannan aiki, wadda ake kira EEG, tana amfani da ƙananan faya-fayen ƙarfe da ake mannawa a fatar kai, kuma da ita ne ya gano igiyar alfa, wadda ke bugawa kimanin sau goma a daƙiƙa ɗaya idan mutum ya rufe ido ya natsu.

Masana kiɗa ne suka fara aron na'urar. A 1965, a Jami'ar Brandeis ta Amurka, Alvin Lucier ya zauna gaban jama'a da wayoyi a kansa, aka ƙara wa igiyoyin alfarsa ƙarfi aka tura su cikin lasifikokin da aka jingina da ganguna da farantai na ƙarfe, har suka riƙa kaɗawa ba tare da hannu ya taɓa su ba. Da zarar ya buɗe ido ko ya matsa wa kansa tunani sai sautin ya ɗauke, saboda haka kiɗan ba ya samuwa sai makaɗin ya daina ƙoƙari.

Daga nan hankali ya koma kan abin da ke gudana tsakanin mutane. A 2003 Mariko Mori, mai fasaha 'yar ƙasar Japan, ta nuna Wave UFO, wani ɗaki mai siffar ɗigon ruwa da mutum uku ke kishingiɗa a ciki, inda kwamfuta ke mayar da motsin ƙwaƙwalensu siffofi masu launi a kan rufin da ke samansu, kowa yana ganin nasa tare da na abokan zamansa. A daidai wannan lokaci masana jijiyoyi suka soma auna ƙwaƙwale biyu a tare, maimakon ɗaiɗaiku kamar yadda aka saba.

Hanyoyin biyu, ta fasaha da ta kimiyya, sun haɗu bayan 2010, shekarar da mai fasaha Marina Abramović ta shafe sama da sa'o'i 700 a zaune a gidan adana fasahar zamani na New York, baƙi suna zuwa ɗaya bayan ɗaya su zauna gabanta ana kallon juna ido cikin ido ba magana, wasu har da zubar da hawaye. A 2011 ta haɗa hannu da Suzanne Dikker, masaniyar ƙwaƙwalwa, da Matthias Oostrik, mai fasahar kwamfuta, suka maimaita zaman a birnin Mosko, amma da na'urar EEG a kan kowane mazauni. Daga bisani Dikker da Oostrik suka ƙera Mutual Wave Machine, wani kewaye da mutum biyu ke zama a ciki suna fuskantar juna, haske yana ƙaruwa a jikin bangonsa gwargwadon yadda igiyoyin ƙwaƙwalensu suka daidaita, yana kuma dusashewa idan suka saɓa.

Da wannan mataki dangantakar fasaha da kimiyya ta juya, domin zauren nuni ya zama wurin tattara bayanai daga ɗaruruwan baƙi, waɗanda suka haɗa da ma'aurata da abokai da mutanen da ba su taɓa sanin juna ba, abin da ke da wuya a samu a ɗakin gwaji. Sai dai masana suna jan hankali cewa na'urar ba ta karanta tunani ko shauƙi kai tsaye, kuma ƙwaƙwale biyu na iya daidaita don kawai suna kallon haske ɗaya ko jin sauti ɗaya. Rarrabe irin wannan daidaito da wanda kusancin zuciya ke haifarwa shi ne babban aikin da ke gaban masu binciken a yau.