Kano Pillars da Tarihin Shigar Ƙungiyoyin Arewa Gasar Afirka

An kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars a shekarar 1990, lokacin da aka haɗe ƙungiyoyi uku na Kano wuri ɗaya: WRECA, da Kano Golden Stars, da Bank of the North. A wannan shekara ba a ƙirƙiri Jihar Jigawa ba tukuna. Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura duk suna cikin Jihar Kano, kuma ita kanta WRECA, hukumar da ta mallaki ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ukun, ita ce mai aikin madatsun ruwa da ruwan famfo a faɗin tsohuwar jihar. Don haka ƙungiyar da aka haifa ta jihar ce baki ɗaya, har da waɗannan garuruwa. Da aka yanke Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, iyaka ta canza a takarda, amma goyon bayan ƙwallo bai bi ta ba. Daga Kazaure zuwa Kano bai kai kilomita 100 ba a kan titin Daura, kuma mutumin Roni ko Gwiwa ya fi saurin isa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a kan ya isa Dutse. Jigawa ta samu tata ƙungiyar, Jigawa Golden Stars, wadda ta sha hawa babbar gasar ƙasa tana sauka, ba ta kuwa taɓa ɗaukar kofin gasar ba. Ta hanyar Kano mutanen arewa maso yammacin Jigawa suka san gasar Afirka a matsayin abin da ya shafe su, ta rediyo da farko, daga baya kuma a gidajen kallo.

Gasar da ake magana a kanta ta girmi Pillars nesa ba kusa ba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta fara gasar zakarun ƙungiyoyi a 1964, kuma Oryx ta birnin Duwala a Kamaru ce ta fara ɗaukar kofin. A 1975 aka ƙara gasa ta biyu domin waɗanda suka ci kofin ƙalubale a ƙasashensu, a 1992 aka ƙara ta uku mai suna kofin CAF. A 1997 aka sake wa babbar gasar fasali, aka shigo da wasannin rukuni da kuɗin lada, sannan a 2004 aka narke ƙananan gasannin biyu suka zama kofin Confederation. Kafin matakin rukuni wasa gida da waje ake yi, wanda ya fi yawan ƙwallaye a haɗe shi ke wucewa. Idan aka yi kunnen doki sai a duba wanda ya fi ci a gidan abokin karawarsa. Wannan doka ta ƙwallon waje ta yi wa Kano rana, ta kuma yi mata dare, kamar yadda za a gani.

Ƙungiyar Kano da ta fara taka wannan fage ita ce Raccah Rovers, mai ɗauke da sunan gidan Raccah da ya yi fice a cinikin gyaɗa a Kano. Ta ci gasar ƙasa a 1978, ta wakilci Najeriya a gasar zakarun Afirka ta 1979. Ta fitar da Simba ta Tanzaniya, wadda ba ta daɗe da ba kowa mamaki ba, domin Mufulira Wanderers ta Zambiya ta ci ta 4 da nema a Darussalam, ita kuma ta je har gida ta rama 5 da nema. Raccah ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas, inda US Gorée ta Senegal ta tsayar da ita. Bayan shekara tara, a 1988, Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na gasar masu kofin ƙalubale, ta sha kashi a hannun CA Bizertin ta Tunisiya, amma ta huce da kofin ƙungiyoyin Yammacin Afirka a 1989. BCC Lions ta Gboko ta ɗauko kofin da ya kuɓuce wa Ranchers a 1990, shekarar da aka kafa Pillars. Babban kofin kuwa ya ƙi zuwa Najeriya sam, sai da Enyimba ta Aba ta ci shi a 2003, ta kuma maimaita a 2004.

Pillars ta yi shekara 18 kafin ta zama zakarar ƙasa. A 2008 ta ɗauki kofin gasar Firimiya a ƙarƙashin mai horarwa Kadiri Ikhana, wanda shi ne ya jagoranci Enyimba a 2003. Da aka shiga gasar Afirka ta 2009 ragamar tana hannun Ivo Sajh, ɗan ƙasar Silobeniya. Pillars ta wuce Mangasport ta Gabon, ta wuce AS Douanes ta Senegal, sai jadawali ya haɗa ta da Al Ahly ta Masar.

A nan ne labarin ya fi nauyi, domin Al Ahly ba abokiyar karawa ce ta yau da kullum ba. Ita ke riƙe da kofin, ta ci shi sau shida a lokacin, uku daga ciki a 2005 da 2006 da 2008. Mai horar da ita, Manuel José ɗan Fotugal, ya san gasar ciki da bai, kuma ƙashin bayan tawagar Masar da ta ci kofin ƙasashen Afirka a 2006 da 2008 daga wannan ƙungiya yake: Mohamed Aboutrika, da Wael Gomaa, da Ahmed Fathy da sauransu. Wasan farko a Najeriya ya tashi 1 da 1, sakamakon da a lissafin masu ƙwallo ya fi wa baƙo daɗi, tunda Al Ahly na buƙatar canjaras babu ci kawai a gidanta ta wuce. A Alƙahira sai aka tashi 2 da 2. A haɗe 3 da 3 ke nan, amma Pillars ta ci biyu a waje, Al Ahly ta ci ɗaya. Baƙuwar gasa ta fitar da mai kofi tun kafin a kai rukuni. Ba a ci Al Ahly a wasa ko ɗaya ba cikin biyun, kuma wannan bai rage wa aikin daraja ba, don zura ƙwallo biyu a Alƙahira a wancan zamani abu ne da ƙungiyoyi kaɗan suka iya. Har yau idan magoya bayan Pillars, masu taken "Sai Masu Gida", suka zauna tuna baya, a wannan dare hirar ke tsayawa.

A rukuni Pillars ta faɗo tare da manyan ƙungiyoyin Sudan guda biyu, Al Hilal da Al Merrikh na Omdurman, da kuma ZESCO United ta Ndola a Zambiya. Ta gama a saman rukunin, Al Hilal na biye da ita. Wannan ya haɗa ta a wasan kusa da na ƙarshe da ƙungiyar da ta zo ta biyu a ɗaya rukunin, wato Heartland ta Owerri, tsohuwar Iwuanyanwu Nationale da ta kai wasan ƙarshe a 1988. Abin da Masar da Sudan suka kasa, 'yar gida ta yi shi cikin sauƙi: 4 da nema a Owerri, 1 da nema a Kano. Ita ma Heartland dokar ƙwallon waje ce ta hana ta kofin, domin a wasan ƙarshe ta ci TP Mazembe 2 da 1 a gida, aka ci ta 1 da nema a Lubumbashi.

Bayan 2009 Pillars ta ƙara ƙarfi a cikin gida, ta kuma ragu a waje, abin da ke ɗaure wa mai nazari kai. A kakar 2009 zuwa 2010 matashi Ahmed Musa ya ci mata ƙwallo 18, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a gasar kafin nan, kuma kafin shekara ta ƙare ya tafi VVV-Venlo ta Holan, daga can CSKA Mosko, daga can Leicester City ta Ingila. Duk da tafiyarsa ƙungiyar ta ci gasar ƙasa sau uku a jere, 2012 da 2013 tare da Mohammed Baba Ganaru, 2014 tare da Okey Emordi, da 'yan wasa irin su Rabi'u Ali Pele da Gambo Mohammed. Ta yi kimanin shekara 12 ba a doke ta a gasar Firimiya a gida ba, har sai da Nasarawa United ta karya lagon a 2015. Amma a duk waɗannan shekaru ba ta sake ganin matakin rukuni a Afirka ba.

Wydad ta Kasabalanka ce ta fitar da ita a 2011. Faɗuwar 2013 ta fi ciwo, kuma ta fi koyar da darasi game da yadda gasar take. Bayan ta wuce Olympic Real ta Bangui, Pillars ta lallasa AC Léopards 4 da 1 a gida, mutane suka ɗauka an gama. A Dolisie aka ci ta 3 da nema, ƙwallo ɗaya tak da baƙin suka zura a Najeriya ta yanke hukunci. Dolisie gari ne matsakaici a Kwango Barazabil, ƙasar da yawan jama'arta bai kai na Jihar Kano ita kaɗai ba, wadda ƙidayar 2006 ta ba wa sama da miliyan 9. Sai dai Léopards ba ta zo da wasa ba: ita ce ta ci kofin Confederation a 2012, ta riƙe 'yan wasanta, ta saba da tafiye-tafiyen gasar. Girman ƙasa ba ya shiga fili. A 2014 AS Vita ta Kinshasa ta fitar da Pillars tun a zagayen share fage, ta kuma zarce har wasan ƙarshe a shekarar. A 2015 Pillars ta wuce Al Malakia ta Sudan ta Kudu, ƙasar da ba ta cika shekara huɗu da samun 'yanci ba. Kafin zagaye na gaba, a watan Maris, 'yan fashi suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyarta ta zuwa Owerri wasan gasar ƙasa, suka raunata 'yan wasa biyar, har da Gambo Mohammed. A haka aka je Maroko, Moghreb Tétouan ta ci 4 da nema, nasarar 2 da 1 a Kano ba ta wadatar ba.

Dalilan wannan koma-baya ba ɓoyayyu ba ne. Na farko shi ne kalanda. A waɗannan shekaru gasar Najeriya kan ƙare a ƙarshen shekara, sabuwa ba ta farawa sai Maris, alhali CAF na fara zagayen share fage a Fabrairu. Zakarar Najeriya kan shiga fili da 'yan wasan da suka yi watanni ba su buga wasan gasa ba, ta kara da ƙungiyar da ke tsakiyar kakarta. Na biyu shi ne kuɗi. Pillars mallakar gwamnatin jiha ce, kamar yawancin ƙungiyoyin ƙasar, don haka tafiya da albashi da sayen 'yan wasa duk suna jiran sakin kuɗi daga gwamnati, ba kamar Al Ahly mai dogaro da membobinta da masu talla ba, ko Mazembe da attajiri Moïse Katumbi ya tsaya mata. Ɗan wasan da ya haska kaka ɗaya kan tafi kafin a gina ƙungiya a kansa. Na uku shi ne wanda magoya baya ba su cika son ji ba: ƙarfin gida a gasar Najeriya, inda cin wasa a waje ya yi wuya ga kowa, ba ya koya wa ƙungiya yadda ake kare ci a gidan wani, alhali gasar Afirka a can ake yanke ta.

Maƙwabta a tsallaken iyaka, waɗanda mutanen Ɓaɓura ke cuɗanya da su a kasuwa, sun nuna cewa ƙaramin ƙarfi ba ya hana isa rukuni. Nijar ba ta cikin ƙasashe 12 da CAF ke ba wa gurbi biyu a kowace gasa bisa makin shekara biyar, duk da haka AS FAN ta sojojin Nijar, wadda ta ci kofin Yammacin Afirka a 1996, ta shiga rukunin kofin Confederation a 2010. USGN ta jandarmomi ta maimaita haka a kakar 2021 zuwa 2022, ta kara da Simba da ASEC Mimosas ta Abijan da RS Berkane ta Maroko, wadda ta ɗauki kofin a ƙarshe.

Pillars ta sake fitowa sau biyu. A 2019, shekarar da ta ci kofin ƙalubale a Kaduna a bugun fenareti a kan Niger Tornadoes, ta shiga gasar zakarun Afirka a matsayin ta biyu a ƙasa, ta ci Asante Kotoko 3 da 2 a Kano, aka ci ta 2 da nema a Kumasi, birnin da Hausawan zango suka daɗe da zama a cikinsa. A ƙarshen 2020 Jaraaf ta Dakar ta fitar da ita a zagayen share fage na kofin Confederation. A 2022, bayan kakar da ta buga wasannin gida da yawa a wajen Kano aka kuma zare mata maki saboda hatsaniya a fili, ta faɗa ƙaramar gasa, ta dawo Firimiya a 2023. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ce ta karɓi tutar Arewa bayan ta ci kofin ƙalubale na 2024, ta shiga kofin Confederation, inda Dadjè ta Jamhuriyar Benin ta fitar da ita a zagayen farko.