Yadda motar Beljiyam ke ƙetare teku har ta iso Ƙaura Namoda

Mafi yawan ƙananan motocin da ke jigilar fasinja tsakanin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, irin su Golf da Sharon, sun yi rayuwarsu ta farko a titunan Turai kafin su sauka a gaɓar Afirka ta Yamma cikin jirgin ruwa. A Arewa ana kiran irin wannan mota Beljiyam, a Kudu kuma tokumbo. Sunan ya samo asali ne daga ƙasar Beljiyam, inda unguwar Heyvaert ta birnin Burasels ta daɗe tana zama matattarar dillalan tsofaffin motoci, tashar Antwerp kuma ta zama ƙofar fitarsu zuwa Afirka. Sunan ya bi kowace mota ta hannu da aka shigo da ita, ko da daga Jamus ko Amurka ko Kanada ta fito.

Cinikin ya bunƙasa ne bayan 1986, lokacin da shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida ya karya darajar naira. Sabuwar Fijo da kamfanin Kaduna yake haɗawa tun 1975 ta fi ƙarfin ma'aikaci da direban haya, sai kasuwa ta koma ga motocin da Turawa suka yi ritayarsu.

Hanyoyi biyu na lodi

Ana ɗauko mota a teku ta ɗayan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce jirgin da ake kira roro, wanda cikinsa hawa-hawa ne kamar katafaren garejin bene. Ana tuƙa motar ta gadar da ke bayan jirgin, a ɗaure ta da ɗamara a benenta, a tashar sauka kuma a sake tuƙo ta waje. Wannan hanya ta fi araha, amma makullin motar yana hannun ma'aikatan tasha, kuma kamfanonin jirage ba su cika yarda a cusa kaya cikinta ba. Hanya ta biyu ita ce kwantena. Mai tsawon ƙafa 40 kan ɗauki motoci uku ko huɗu, a rataye wasu bisa katako ko sarƙa, a cike gurbin da ya rage da kayan gyara. Motar da ba ta tashi, ko wadda ta yi hatsari aka sayo ta a gwanjon kamfanonin inshora na Amurka irin su Copart, galibi ta kwantena take zuwa.

Daga Antwerp zuwa Legas jirgi kan yi mako biyu zuwa uku, domin yana yada zango a tashoshi kamar Dakar da Abijan da Lome da Kwatano. Daga tashoshin gabashin Amurka, irin su Baltimore da Newark, tafiyar takan kai wata guda ko fiye. Kafin mota ta bar Amurka, doka ta ce a miƙa wa kwastan na can takardar mallakarta ta asali aƙalla awa 72 kafin lodi, domin toshe hanyar fitar da motocin sata. Bayan lodi kamfanin jirgi kan ba da takardar shaidar ɗaukar kaya, wadda ke ɗauke da sunan mai karɓa da lambar casis. In babu ita ba a sakin mota a tasha, kuma kuskuren harafi ɗaya a lambar casis yakan tsayar da mota makonni tana tara kuɗin ajiya.

Teku ma tana da nata hatsarin. A Maris 2019 jirgin Grande America ya kama da wuta ya nutse a gaɓar Faransa ɗauke da motoci kusan 2,000. A Yulin 2023 kuma wuta ta tashi a jirgin Grande Costa d'Avorio yana tsaka da lodin tsofaffin motoci zuwa Afirka ta Yamma a tashar Newark, 'yan kwana-kwana biyu suka rasa rayukansu. Ƙaramin ɗan kasuwa yakan ɗauki kuɗin inshorar teku a matsayin asara, alhali abin da kamfanin jirgi ke biya idan kaya sun salwanta ƙayyadadde ne, ba ya kama ƙafar kuɗin motar.

Legas ko Kwatano

Babbar mashigar motoci ta halal a Najeriya ita ce tashar Tin Can da ke Legas, musamman sashen PTML na kamfanin Grimaldi. Sai dai shekaru da dama hanyar da ta fi ciyar da kasuwannin Sakkwato da Katsina da Zamfara ita ce ta Kwatano a Jamhuriyar Benin. A can ana sauke motar a matsayin kayan wucewa zuwa Nijar, ƙasar da ba ta da teku. Daga nan ayarin direbobi kan bi da ita ta Parakou zuwa Malanville, su haye gadar kogin Kwara zuwa Gaya, su ratsa Dosso da Birnin Ƙonni su sauka Maraɗi. Daga Ƙonni, Illela na nan kusa. Daga Maraɗi kuwa, Ɗan Isa da Jibiya ne a gaba, kuma daga Jibiya hanya ta miƙe zuwa Zurmi da Ƙaura Namoda. Ƙaramar hukumar Zurmi ita kanta tana iyaka da Nijar. Wasu motocin an biya musu kuɗin fito a bakin iyaka, wasu kuma 'yan fito ne suka bi da su ta daji cikin dare.

Dalilin wannan dogon zagaye haraji ne. Tsarin bunƙasa masana'antar motoci na 2013 ya ɗora wa ƙananan motoci kuɗin fito na kashi 35 cikin 100, ya kuma tanadi ƙarin haraji na kashi 35, yayin da Benin ke karɓar abin da bai kai haka ba a kan kayan wucewa. Gwamnatin tarayya ta mayar da martani da haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, sannan a Agustan 2019 ta rufe iyakokin baki ɗaya. An buɗe ta Illela a Disambar 2020, ta Jibiya kuwa sai a Afrilun 2022. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya ƙara dagula hanyar, domin bayan ɗage takunkumin ECOWAS a 2024 hukumomin Yamai sun ci gaba da rufe gadar Gaya.

A Legas ma lissafi ya canza. Tun 2022 kwastan ke ƙiyasta darajar mota ta hanyar lambar casis, mai haruffa da alƙaluma 17, maimakon cinikin baki tsakanin jami'i da ejan. Kuma da yake da dala ake ƙiyasin, faɗuwar naira bayan Yunin 2023 ta ninka kuɗin fito: canjin da kwastan ke amfani da shi ya tashi daga wajen naira 420 zuwa sama da 1,400 a farkon 2024. Motar da sitiyarinta ke hannun dama, irin ta Ingila da Japan, haramun ce shigo da ita, tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi a ranar 2 ga Afrilun 1972.

Zangon ƙarshe

Ƙaura Namoda ita ce ƙarshen layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya iso garin a 1929, layin da ya kwashi gyaɗa da auduga zuwa tashar Legas. Motocin da ke zuwa daga wannan tashar a yau ba ta dogo suke bi ba. A kan tirela ko a hannun direba suke cin tafiyar wajen kilomita 1,000, ta Ilori da Jebba, kafin su iso Gusau, daga nan kimanin kilomita 60 zuwa Ƙaura. Matsalar 'yan bindiga a hanyoyin Zurmi da Shinkafi ta sa direbobi da yawa ba su bin su sai da rana, kuma hakan na shiga cikin kuɗin da mai saye ke biya.

Mai sayen da zai sa motar a layin kasuwar Alhamis ta Shinkafi shi ne na ƙarshe a jerin hannayen da ta bi, kuma a kansa laifin na farko ke sauka. Rajistar jiha da lamba ba su wanke motar da ba a biya wa kuɗin fito ba. Jami'an kwastan na sintiri na iya kama ta a hanya ko da ta shekara biyar a hannun mai ita, kuma takardun jabu sun yi yawa a kasuwa. Saboda haka dillalan da suka san aikinsu kan gwada lambar casis da ke jikin mota da wadda ke takardar kwastan harafi bayan harafi, su kuma kai takardar ofishin kwastan a tantance lambar biyan kuɗin kafin kuɗi su canza hannu. Motar da ta fito daga Amurka ana iya bin tarihinta a intanet da wannan lambar, a ga ko ta taɓa hatsari ko ambaliya ta shanye ta kafin a yi mata fenti a garejin Legas ko Kwatano.