Littafin Ruwan Sama a Ƙasar Arewa

Gaisuwa ta musamman ga iyayena da yayyena ɗaliban yaƙi da jahilci na ƙasar Arewa, tun daga Dogon Kiriya da Sukukutan, zuwa Matankari da Dogon Dutsi, har Tibiri da Gesheme da Kore Mai Ruwa. Ina gajiya? Ina ruwa?

Na san amsar da kunka ba ni: "Ruwa ya yi gyara." Haka Bahaushe ke cewa ko da an yi kwana 15 sama ba ta ɗiga ba, hatsi ya naɗe ganye, ƙasa ta yi fari fat. Ladabi ne da godiya ga Allah, kuma daidai ne. Amma gaisuwa ba ta gaya wa manomi ko ya sake shuka ko ya riƙe irinsa. To, yau tarihi za mu yi: yadda anka fara auna ruwan sama a ƙasarmu, da abin da awon ya nuna game da ranakun da ruwa ke ɗaukewa tsakar damana.

Kakanninmu ba su da ma'auni, amma suna da ido. Suna duban shamuwa. In ta sauka bisa itacen gari ta fara ɗaukar tsinke, an san damana ta kusa. Suna duban gawo, itacen da ke kaɗe ganyensa lokacin da sauran itace ke toho. Suna jin iska in ta bar gabas ta koma busowa daga kudu maso yamma. In an yi ruwa da dare, da asuba maigida ya tafi gona ya tona ƙasa da hannu. In laima ta yi zurfi, sai ya ce a fito da sungumi da iri. Wannan ma awo ne, kuma har gobe yana da amfani. In kuwa ruwa ya ɗauke bayan an yi shuka, musulmi su fita bayan gari roƙon ruwa, masu bin al'adar gargajiya su nufi Lugu wurin Sarauniya, ko Bagaji wurin Baura.

Abin da babu shi ne ajiya. Awon hannu yana ƙarewa ranar da anka yi shi. Sunan yunwa kaɗai ke wanzuwa. Yunwar 1913 zuwa 1914 ita ce Kakalaba. Ta 1984 mutane da yawa a ƙasar Hausa ta Nijar suna ce mata El-Buhari, don a shekarar ce gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya, hanyar abinci da ta ci-rani ta toshe. Suna yana riƙe wahalar da anka sha. Ba ya riƙe ranar da ruwa ya tsaya, ko kwana nawa ya yi bai dawo ba. Ku tambayi tsofaffi biyu na gari ɗaya, ku ga gardama har rana ta faɗi.

Turawan Faransa ne sunka kawo ma'auni. A Yamai da Damagaram an fara rubuta ruwan sama tun 1905. A 1906 sunka ɗauke barikinsu daga Matankari sunka maido shi Dogon Dutsi. Daga baya ma'auni ya iso nan, kamar yadda ya isa Doso da Gaya da Birnin Konni. Ba wani abin mamaki ba ne. Bokiti ne mai mazurari a baki, an ɗora shi bisa ƙafa a fili. Da safe a juye ruwan cikin wata kwalba mai zane-zane, a karanta, a rubuta.

Abin da ake karantawa shi ne milimita. Ku saurara da kyau, don kalmar nan kuna jin ta a rediyo kowace damana. Ku zana fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Ku zuba masa ruwa lita 1. Wannan shi ne milimita 1. Kamar ba komai ba ne, ko? To, a gona mai hekta 1, wato mita 100 tsawo, mita 100 faɗi, milimita 1 lita 10.000 ce. Tano 50 ke nan, irin mai cin lita 200. In kun ji an ce an samu milimita 20, kowace hekta ta sha tano 1.000 a dare ɗaya. Wa ke iya ɗebo wannan da guga?

Sai dai a zamanin Nasara littafin ruwa yana ofishin kwamanda, cikin Faransanci, kuma ba don manomi ake rubuta shi ba. Shekarar 1931 ta nuna haka. Fara ta cinye gonakin yammacin Nijar, ruwa kuma bai yi daidai ba. (Masu koyon rubutu, ku lura: fari na rashin ruwa da fari jam'in fara baƙaƙensu ɗaya ne, sai a baki ake rarrabe su. A lokacin nan duka biyun sunka haɗu.) Duk da haka hukuma ta ci gaba da karɓar lanho. Dubban mutane sunka mutu, waɗansu sunka gudu Najeriya. Bayan an yi hasarar ne anka matsa wa kowane gari ya ajiye rumbun tsimi.

Daga 1950 zuwa wajen 1967 ruwa ya wadata. Manoma sunka yi ta faɗaɗa gonaki suna shiga dajin makiyaya, har a 1961 gwamnati ta yi doka ta shata iyakar noma. Mutane sunka ɗauka haka damana take. A 1968 ruwa ya fara ja da baya. A 1972 da 1973 abin ya kai matuƙa: shanu sunka faɗi, rumbuna sunka zama wayam. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja a ƙarƙashin Seini Kunce sunka kifar da gwamnatin Jori Hamani, kuma maganar yunwa da rabon taimakon abinci tana cikin dalilan da sunka bayar.

Wannan fari ne ya fito da littafin ruwa daga aljihun tebur. Ranar 12 ga Satumba 1973, a Wagadugu, ƙasashe 6 sunka kafa ƙungiyar yaƙi da fari mai suna CILSS: Nijar, Mali, Senegal, Muritaniya, Cadi, da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. A 1974 ƙungiyar ta buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai, inda ake koyar da masu awon ruwa da masu lura da gonaki. Ana raba wata gida 3, kwana goma-goma, a duba ruwan da ya sauka da halin da shuka ke ciki. Muryar Sahel kuma ta saba karanta ruwan kowane gari da sunansa. Manomi ya ji milimitar Dogon Dutsi da kunnensa, ba sai ya roƙi kowa ba.

Sai ga 1984. Ni ba a haife ni ba lokacin, daga bakin mahaifina na ji. Ya ce sun yi shuka, hatsi ya tsiro, sun yi noman fari, kowa na jiran marka. Marka ba ta zo ba. Hadari ya haɗu da maraice, iska ta tashi da ƙura, sai gari ya washe. Littafin ruwa ya gaskata shi: watan Agusta, wanda ya fi kowane wata ruwa, ya zo da ƙaranci ƙwarai, kuma abin da anka auna a Yamai shekarar nan duka kusan rabin abin da anka saba ne. A watan Yuni 1985 kogin Kwara ya daina gudu a Yamai. Daga wannan fari ne gwamnati ta dage wa noman rani. Masu garka a bakin Tapkin Sau sun san labarin.

Da masana sunka jera littattafan shekara da shekaru, sun ga abu uku da ya shafe mu. Sun ga bayan 1968 ruwa ya ja kudu da fiye da kilomita 100, wato gari ya koma samun ruwan da dā garin da ke can arewa da shi ke samu. Sun ga kuma ba girman hadari ne ya fi raguwa ba, yawan zuwansa ne, musamman a Agusta. In zuwan hadari ya ragu, tsakanin ruwa da ruwa sai ya yi nisa. Nan ne cutar take.

Ga misali. A ce ƙauyuka biyu kowanne ya samu milimita 400 a damana ɗaya. Na farko ruwansa na zuwa duk bayan kwana 4 ko 5. Na biyu ya samu manyan ruwaye a Yuli, kwari ya cika ya kwashe rabi, sa'an nan sama ta yi shiru kwana 20 daidai lokacin da hatsi ya yi ciki yana shirin bununi. A takarda jimlarsu ɗaya. A rumbu, na farko ya ɗaure damma, na biyu ya tara kara. Jigawar Arewa rairayi ce, ba ta riƙe laima da daɗewa. Hatsi yana da haƙuri, amma lokacin tsiro da lokacin bununi haƙurinsa kaɗan ne.

A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, wani masani mai suna Sivakumar ya fito da ƙa'ida a 1988. Ya ce a lissafa damana ta kama in bayan 1 ga Mayu an samu milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma cikin kwana 30 da ke biye ba a yi fiye da kwana 7 babu ruwa ba. Za ku ce, sharaɗi na biyu ai sai bayan an wuce ake saninsa. Gaskiya ne, gobe ta Allah ce. Kuma wata shekara wanda ya yi sammakon shuka, ko ya yi bizne, shi ke cin riba. Amma sharaɗi na farko yana hannunku. A ganina, mai tiya kaɗan ta iri bai kamata ya zuba ta duka bisa milimita 8 ba.

Abu na uku an gano shi ne daga 1990, da anka dasa ma'auni wajen 100 a kewayen Yamai. Ƙauyuka biyu da tsakaninsu bai wuce kilomita 10 ba, sai ga bambancin fiye da milimita 100 a damana ɗaya. Manomi ya daɗe da sanin ruwa na tsallake gona. Ma'anarsa, milimitar Dogon Dutsi da rediyo ke faɗi ba ita ce ta Bagaji ba, balle ta Gesheme. Shi ya sa ma'aikatar lura da yanayi ta ƙasa ta shiga raba wa manoma ƙaramin ma'auni na roba, mai lambobi a jikinsa. A shirin ANADIA, wanda anka yi da taimakon Italiya, Kiyeshe da Gesheme suna cikin wuraren da anka koyar da manoma aiki da shi.

Aikin ba wuya. A kafa gungume a fili, nesa da itace da bango da dabbobi. A ɗora ma'aunin ya tsaya cak. Kowace safiya, lokaci ɗaya, a karanta, a rubuta kwanan wata da lambar, a zubar da ruwan. Ranar da ba a yi ruwa ba, a rubuta 0.

Wannan 0 ta taɓa haɗa ni da wata ɗalibata, dattijuwa, sa'ar mahaifiyata. Ta ce, "Mushe, don mi za ni ɓata takarda in rubuta babu?" Na ce, "Inna, ki yi haƙuri ki rubuta, ko don hannunki ya saba." Ta yarda, ba don ta gamsu ba. Damanar nan an yi shuka cikin Yuni bisa ruwa mai kyau, sa'an nan sama ta rufe. Tsiron da ke kan jigawa ya ƙone. Ranar da ruwa ya dawo, maza sunka taru a ƙofar masallaci suna gardama. Wani ya ce kwana 10 anka yi, wani ya rantse wata guda ne. Inna ta aiko jikanta da littafinta. Munka ƙirga sifiri ɗaya bayan ɗaya: 18. Munka dubi kwanan wata, an kai tsakiyar Yuli. Ɗanta ya lissafa kwanakin da sunka rage kafin ruwa ya ɗauke, ya ga ba su isar hatsin da sunka saba shukawa, sai ya cike gurabun da wake. Waɗansu sunka bi shi, waɗansu sunka sake zuba hatsi. Da malamin gona ya zo zagaye, shafin Inna ya kwafa cikin takardarsa.

Littafin yana nan. Damana 3 ke ciki yanzu, tana naɗe shi cikin leda ta sa a kwalla saboda gara. Bara da jikanta ya manta bai rubuta 0 ba kwana biyu, ita ta tsare shi sai da ya cike.

Mu kwana nan. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.