Daga Samaru Zuwa Gulbin Zamfara: Tarihin Binciken Noma da Rabon Talaka

Duk wanda ya taɓa ratsa ƙasar Anka da Bukkuyum har zuwa Gummi da kaka, ya ga dammunan gero da dawa jibge a bakin gonaki, ya ga shinkafa ta kwanta a fadamun Gulbin Zamfara, zai yi zaton noman nan haka aka gaje shi tun kaka da kakanni. Alhali kuwa ba haka abin yake ba. Da yawa daga cikin irin da manomi ke zubawa a rami yau, sai da ya shekara da shekaru a hannun masana, kuma da kuɗin jama'a aka biya su. To, ina wannan aiki ya samo asali, kuma wa ya ci moriyarsa?

A shekarar 1922 ne Turawan mulki suka kafa tashar gwajin noma a Samaru ta Zariya. Sai dai ba don tuwon talaka suka kafa ta ba. Masaƙun Ingila na ƙishirwar auduga, ga kuma kamfanin nan da Hausawa suka laƙaba wa Bisije yana yaɗa irin audugar Amurka, yana kafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau. Da jirgin ƙasa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, sai audugar Zamfara da gyaɗarta suka sami hanyar zuwa teku. Manomi kuwa dole ya noma su, domin da kuɗinsu yake biyan haraji. Gero da dawa, waɗanda su ne rufin asirin gida, ba su sami irin wannan gata ba.

Bayan samun mulkin kai, a 1962 aka mayar da tashar Samaru ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona. A nan ne wani abin lura ya faru. Malaman gona sun daɗe suna yi wa manomi faɗa cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya duhun kai ne. Amma da wani masani mai suna David Norman da abokan aikinsa suka shiga ƙauyuka suka auna, sai suka tarar manomi ne da gaskiya: haɗin nan ya fi riba, kuma in fari ya ci ɗaya, ɗayan ya tsira. Ashe mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba a daɗe ba sai jarrabawa ta zo. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone gonaki, sannan a 1975 cutar kuturun gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta halaka gyaɗar fili kimanin hekta 700,000 a Arewa. Dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake miƙewa ba. Tun daga nan masanan Samaru suka ƙara himma wajen neman iri mai jure cutar, har aka sami jerin irin da ake kira SAMNUT. A wannan shekara kuma aikin raya noma na Gusau ya kankama, tare da na Funtuwa da Gombe, da bashin Bankin Duniya. Ta wannan hanya takin zamani da masarar TZB, wadda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, suka shiga ƙauyuka. Masara da a da ake shuka ta a bayan gida don gashi, ta zama hatsin kasuwa.

Amma kada mai karatu ya ɗauka duk abin da aka yi da sunan raya noma alheri ne. An gama madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara a 1978, aka raba mutane da gonakinsu da fadamunsu. Da suka tashi neman diyya, a watan Afrilu na 1980 aka tura musu 'yan sanda, aka kashe manoma da dama. Shiri irin wannan, da ba a shawarci manomi ba, ƙarshensa ke nan.

Daga 1986, lokacin da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, kuɗin bincike ya ja baya, malamin gona ya yi wuyar gani a ƙauye. Da noma ya daina rufa asiri, samari da yawa suka koma haƙar zinariya. A 2010 gubar dalma daga duwatsun da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma. Bayan wannan kuma ga 'yan bindiga sun hana zuwa gonakin nesa.

Duk da haka Samaru ba ta mutu ba. A 2019 aka fitar da waken SAMPEA 20-T, wanda tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta iya masa. Sai dai iri a ɗakin gwaji ba ya cika rumbu. Samar da iri ɗaya yakan ci shekaru masu yawa, kuma ɗan kasuwa ba zai zuba jarinsa a gero ba, tunda manomi na ajiye irinsa daga bana zuwa baɗi. Wannan nauyi na gwamnati ne, kamar yadda shugabannin Afirka suka amsa a Maputo a 2003, suka yi alkawarin ware wa noma kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi.

Mu ɗalibai da gumin manomi ya yi ɗawainiyar karatunmu, bashi ne a kanmu mu riƙa tambayar ina wannan alkawari ya kwana, mu kuma kai sakamakon bincike Gummi da Anka cikin harshen da manomi ke ji. Allah ya ba mu ikon biya.